Odell Pickens Ya Koma Layi

Ƙarar da na fara ji ba ta ihu ba ce. Wani tim ne mai nauyi, kamar kankana ta faɗo daga bayan a-kori-kura. Sai na biyu. Kafin na uku na gane kan mutum ake duka.

Sunana Earline Goolsby. Aikina a gidan yarin garinmu shi ne zama a keji, ɗakin gilashin nan da ke saman layin ɗakunan fursunoni, inda maɓallan buɗe ƙofofi suke. Wanda ya daɗe a keji, kunnensa ya fi idonsa aiki. Kowane gandiroba na san takunsa. Odell Pickens ba ya sauri, ba ya jan ƙafa, makullansa na kaɗawa a ƙugu kamar ƙararrawar wuyan saniya. Ranar nan ta watan Agusta, rana tsaka, sai ƙarar makullan ta ɗauke.

Na leƙa ƙasa. Yana durƙushe a bakin ɗakin ƙarshe na layi na uku, hularsa ta yi nata wuri, wani fursuna mai suna Boyd Skaggs na tsaye a kansa yana wulwula safa. Kwaɗon ƙarfe ne a cikin safar.

"Ina fankata, Oga?" Tim. "Na ce ina fankata?" Tim.

Na danna jiniya, na fizgi oba-oba. "Gandiroba a ƙasa! Layi na uku, gandiroba a ƙasa!"

Layin gaba ɗaya ya ɗauka. Masu dukan ƙofa da kofi, masu ihun "Ƙara masa!", wani tsoho kuma yana ta kiran sunan Yesu. Odell ya kai hannu ga kulkinsa, Skaggs ya take hannun, ya sake sauke kwaɗon a bayan kunne. Da sauran ma'aikata suka iso, sun tarar da Skaggs yana haki, safar ta yage, kwaɗon ya fice. Suka watsa masa barkonon tsohuwa, suka danne shi, suka ja shi a kan siminti har haƙoransa na gaba suka zauna a wurin. Odell kuwa jirgi mai saukar ungulu ne ya ɗauke shi zuwa babban asibitin birni. Wani fursuna ya zo da bokiti ya wanke jinin, ruwan ya bi magudana yana kumfa.

Da safen ranar Odell ya ƙwace fankar Skaggs, don fursunan ya kwance mata waya ya yi wani haɗi da aka hana. Doka na gefen Odell. Amma wanda ya san layi na uku a watan Agusta, inda fursuna ke watsa ruwa a siminti ya kwanta a ciki don ya kai gobe, ya san abin da ake nufi da ƙwace wa mutum fanka. Ba na wanke Skaggs. Odell ma ba na wanke shi.

Na san Odell tun muna makarantar Lahadi. Ubansa mai saran itace ne a dajin da ke gabas da gari, mutum mai hannu kamar faranti, kuma da bel ɗin injin katako yake yi wa 'ya'yansa tarbiyya. Wata rana reshe ya faɗo wa Odell a kafaɗa yana ɗan saurayi, ƙashi ya karye. Uban ya ɗaure masa da tsumma, ya miƙa masa gatari a ɗaya hannun. Ya ce, "Namiji ba ya kwanciya sai ranar da za a zuba masa ƙasa." Odell bai taɓa ba da labarin nan da ɓacin rai ba. Da alfahari yake faɗa.

A garinmu na gabashin Texas aiki uku ne: katako, kaji, kurkuku. Da masana'antar katako ta rufe, Odell ya sa kaki ruwan toka. Ba ya ashar, ba ya karɓar ko tsinke daga hannun fursuna, ba ya dariya. Ranar Lahadi shi ke zagayawa da faifan baiko, na tara sadakar masu ibada, a coci, ranar Litinin ya fasa wa mutum baki idan ya tsaya inda aka ce kada a tsaya. Fursunoni suka sa masa suna Faston Kulki. Matarsa Lurleen ciwon daji ya tafi da ita, ta bar masa 'ya ɗaya, Renita. Bai ƙara aure ba. Shi ke goge kakinsa, ya goge rigar makarantar yarinyar, ya rataye su a ƙusa ɗaya. Iyakar yadda ya iya nuna so ke nan.

Renita ta gama sakandare da sakamakon da har fasto ya karanta a gaban jama'a. Jami'ar jiha ta ba ta gurbin karatun harhaɗa magunguna. Jinyar uwarta kuwa ta riga ta cinye duk abin da gidan ya mallaka. Sai ta ce za ta yi shekara guda a masana'antar kaji ta ɗan tara. Shekara guda ta zama biyu. Tana tsaye cikin sanyi da wuƙa tana cire fukafukai, kaji na wucewa a rataye ta gabanta ba tsayawa, har yatsunta suka daina miƙewa da safe sai ta tsoma su a ruwan zafi.

Akwai wata doka a jiharmu da kowane gandiroba ya sani, ba kuma mai son ambatonta da gaske. Idan aka kashe ma'aikacin gidan yari a bakin aiki, ko aka naƙasa shi, ɗansa zai yi karatu a jami'ar gwamnati ba tare da biyan kuɗin makaranta ba. A tsakaninmu karatun gawa muke ce mata. Mutum zai shiga layin da ya yi zafi, sai ka ji ya ce, "To jama'a, bari in je in nemo wa yarana jami'a." A yi dariya. Amma tana da sharaɗi biyu. Sai likita ya tabbatar mutum ba zai ƙara iya aiki ba. Sannan sai yaron ya nema kafin ya cika shekara ashirin da ɗaya. Renita za ta cika a watan Maris.

Odell ya farka bayan kwanaki, an aske rabin kansa an ɗinke kamar ƙwallo. Likitar, wata doguwar mace mai magana a hankali, ta same mu ni da Renita a baranda. Ta ce jini ya taru a ƙwaƙwalwa, sun cire, amma jijiyar idon dama ta taɓu, kuma farfaɗiya na iya zuwa kowane lokaci. Ta ce idan abin bai gyaru ba, a shirye take ta sa hannu cewa aiki ya ƙare masa.

Renita ta sunkuyar da kai. Hannayenta kawai ta kalla. Na san abin da ya faɗo mata a rai, ta kuma san na sani, kunya ta kama mu duka biyun.

Washegari Kyaftin Ybarra, shugaban rukuninmu na masu aikin rana, ya zo da 'yan rakiya da gasasshen haƙarƙari a naɗe cikin takarda.

"Pickens! Kai, dubi kan nan, ai gyara maka shi aka yi. Da can ya fi haka muni."

"Ranka ya daɗe, Kyaftin," in ji Odell, bakinsa a karkace.

"Kwaɗon ne ya ji jiki, an ce har ya lanƙwashe. Sai ka saya wa gwamnati sabo." Suka bushe da dariya. Ybarra ya sunkuya, ya rage murya. "Layi na jiranka. Sun fara cewa Faston Kulki ya tafi ke nan."

"Wa ya faɗa?"

"Kowa."

"Ka ce su gyara gadajensu. Ina zuwa."

Muna da al'ada, ba a rubuce take ba. Gandiroban da aka doka, ranar da ya iya tsayawa sai ya koma layin da aka doke shi, ya taka shi daga farko har ƙarshe shi kaɗai, kowane fursuna ya gan shi. Komawa layi ke nan. Dalilin kuwa, mu 'yan kaɗan ne, su ɗaruruwa. Ba ƙarfe ne ke riƙe da su ba, yardar da suka yi ce cewa duka ba ya korar mai kakin toka. Ranar da suka ga kwaɗo ɗaya ya aika mutum gida har abada, kowa zai nemi safa. Haka aka koya mana, haka muka koya wa na baya. Wanda bai koma ba, ko a kantin gari gaisuwar da ake masa daga nesa ce.

Da aka sallame shi, Odell ya shiga shiri kamar mai jarrabawa. Ya ja layi da alli a bayan gida yana bi. Ya gano idan ya ɗan karkatar da kai ya lumshe idon dama, abu biyu kan koma ɗaya na ɗan lokaci. Jirin da ke kwasarsa a banɗaki da rawar hannu, ya bar wa cikinsa. Duk tambayar da likita ta yi, amsa ɗaya ce: "Lafiya lau, likita."

Wata Lahadi bayan coci na kai musu soyayyen tarwaɗa da burodin masara. Muna zaune a teburin kicin, ya ɗauki butar shayi mai ƙanƙara zai zuba. Ya zuba a gefen kofi, a kan tebur, bai ma sani ba sai da ya ɗigo masa a cinya.

Renita ta ajiye cokali. "Baba, kofi nawa kake gani?"

"Ci abincinki."

"Anti Earline, ki tambaye shi kofi nawa yake gani."

"Ba ruwan Goolsby a ciki. Wata mai zuwa zan koma aiki, likita ta yarda."

"Ta yarda don ka yi mata ƙarya."

"Renita," na ce, "bi a hankali."

"Na gaji da bi a hankali, Anti." Ta shimfiɗa hannayenta a kan tebur, cikin shayin da ya zube. Gaɓoɓin a kumbure, tabon wuƙa ko'ina. "Duba. Ban taɓa roƙonka komai ba, Baba. Ba ni na ce a doke ka ba. Amma an riga an doke ka. Gaskiya kawai za ka faɗa wa matar nan, ba ƙarya na ce ka yi ba. Maris na zuwa."

"Wato in zauna a gida da bargo a gwiwa, ana nuna ni ana cewa wancan ne Skaggs ya gama da shi."

"Eh! Ka zauna!"

"Ke kuma ki ci karatu da kan ubanki."

"Ai gara ni in ci da Ybarra ya ci."

Ya miƙe, kujera ta kife. Ya sunkuci farantin kifin ya maka a bango, tangaran ya tarwatse har cikin gashina. Sannan ya ɗaga hannu. Tun da aka haife ta bai taɓa dukanta ba, wannan na sani. Ita ma ta miƙe, ta matso masa da fuskarta.

"Buga. Amma ka zaɓa tukuna, ni ta hagu ko ni ta dama?"

Hannun ya tsaya a sama. Ya sauke shi, ya juya zai fita, kafaɗarsa ta bangaji gefen ƙofa. A ranar Renita ta kwashe kayanta ta dawo gidana.

Ya koma layi a watan Nuwamba. Ina keji. Na buɗe masa ƙofa, na ji makullan sun fara kaɗawa. Layi ya yi tsit, ko tari babu. Yana tafe kansa a ɗan karkace, kafaɗarsa na gogar ƙarfen gefe, wanda bai sani ba sai ya ce isa ce. Ya kai ɗakin ƙarshe, ya tsaya daidai inda aka wanke jininsa, ya juyo.

"A gyara gadaje," ya ce.

Wani fursuna daga ɗakunan sama ya ce, "Barka da tashi daga matattu, Fasto." Amma ƙasa-ƙasa ya faɗa.

A ɗakin hutu aka yi ta tafa masa, Ybarra ya rungume shi har ya ɗaga shi daga ƙasa. Ban taɓa ganin Odell ya yi kusa da murmushi kamar ranar ba.

Daga nan muka shiga rufa masa asiri. Zai kai makulli ga ƙofa ya soki ƙarfe, sai wani ya yi kamar wucewa yake ya buɗe masa. Ni kuma daga keji ina raɗa masa ta oba-oba, "Pickens, matakala a gabanka." Akwai ranar da aka same shi a ɗakin ajiya ya jingina da bango, idanu a kafe, ya jiƙa wandonsa. Aka kawo masa wani, ba wanda ya ce uffan. A ganinmu zumunci muke yi. Alhali kullum ya sa kakin nan ƙara tabbatar wa hukuma yake cewa lafiyarsa ƙalau, Renita kuwa na can tana cire fukafukai. Ana gab da Kirsimeti wuƙa ta zame mata ta tsaga babban yatsa har ƙashi. Aka ɗinke, aka sa mata safar hannu biyu, aka maida ta wurin tsayuwarta. Ta hana ni gaya masa.

Bayan sabuwar shekara na tare shi a wurin ajiye motoci.

"Pickens, lokacin yarinyar nan na ƙurewa."

"Na san watanni, Goolsby."

"To?"

"Ban gama ba."

"Ka taka layi, kowa ya gani. Me ya rage?"

Ya dube ni da ido ɗaya, ya shiga mota.

Na san abin da ya rage. Al'adar tana da kashi na biyu, wanda ba a gaya wa sabon ma'aikaci sai ya kwana biyu. Wanke fuska. Idan wanda ya doke ka ya shigo hannu, abokan aiki za su ba ka ɗan lokaci da shi a inda kyamara ba ta gani. Tun bayan abin da ya faru an ɗauke Skaggs zuwa wani wuri don shari'a. A watan Fabrairu aka dawo da shi.

Ɗakin wanki yana ƙarƙashin keji ta hagu. Kyamara ba ta kaiwa lungun da ke bayan manyan injinan, amma gilashina yana kaiwa. Da hantsi na ga an sallami masu wanki. Gandirobobi biyu suka shigo da Skaggs, ankwa a hannu ta baya, sarƙa a ƙafa, suka tsayar da shi jikin bango suka ja da baya. Ybarra da makullinsa ya buɗe ƙofar, bai nemi maɓallina ba. Odell ya shigo, kulki a hannu.

Skaggs ya rame, gemu ya cinye masa fuska. Ya washe bakinsa mai giɓi.

"A'a, Oga Fasto! Ashe kana nan. An ce mini yanzu sai an ba ka abinci a baki."

"Rufe mana baki," in ji Ybarra.

"Ina fankata dai? Har yau ban ga fankata ba."

Akwai lasifika a ɗakin wanki. Na danna.

"Pickens, Goolsby ce. Mutumin nan da ankwa yake. Ka taɓa shi, in maganar ta fito kora ce. 'Yar korarre ba ta da komai a dokar nan. Kana jina?"

Ybarra ya ɗaga kai. "Goolsby, kula da ƙofofinki."

"Odell, kana jina?"

Ya ji ni. Na ga kafaɗarsa ta motsa. Amma ya ci gaba. Ya karkatar da kai, ya lumshe ido, ya ɗaga kulkin har bayan ƙeya. Ba dukan gargaɗi ba ne, dukan fasa kai ne. Skaggs ya runtse idanu, ya shigar da wuya cikin kafaɗa.

Kulkin ya sauka a bulo, taƙi guda daga kunnen Skaggs. Ƙarar ta cika ɗakin. Kulkin ya tsage, wuyan hannun Odell ya juya ta inda hannu ba ya juyawa, ƙashi ya turo fata. Bai yi ihu ba. Ya tsaya yana kallon bangon kamar bangon ne ya zo daga wani wuri. Sai ya faɗi ta baya, kansa ya bugi ƙafar inji. Jikinsa ya hau karkarwa, dugadugansa na dukan siminti, kumfa da jini na fita ta gefen baki.

Skaggs ya buɗe ido. Ya dubi bango, ya dubi mutumin da ke ƙasa. Sai dariya, har da hawaye.

"Bango ya daka! Jama'a, ku zo ku gani, Fasto ya daki bango!"

Ɗaya daga cikin masu rakiyar ya sa masa gwiwa a ciki ya naɗe, amma ko a naɗen dariya yake, a haka aka ja shi waje.

Keji ba a barinsa ko gobara ake. Ina tsaye, lasifika a buɗe, ina ji.

Da karkarwar ta lafa, Ybarra ya durƙusa, ya tallafe kan Odell da tafin hannu. Da taushi ya yi masa magana, kamar uwa da ɗanta. Ybarra na son Odell, kada a yi kuskure.

"Ba komai, ɗan'uwa. Ruwan sabulu ne a ƙasa, zamewa ka yi, duk mun gani. Za a ɗaure hannun, ka huta wata ɗaya ka dawo. Wannan faɗuwar kuma, a nan ta mutu."

Odell na kallon silin. "Wane wata muke?"

"Fabrairu."

"Maris bai shigo ba?"

"Bai shigo ba. Kwanta, kar ka motsa."

Ya kai hannun hagu yana lalubar kafaɗarsa, inda oba-oba ke maƙale. Ybarra ya zaci ciwo yake ji a wurin. Sai na ji muryarsa ta fito a na'urar da ke gabana, ta zangon da kowa ke ji: hasumiya, ƙofar shiga, ofishin shugaban gidan, da kowane gandiroba da ke tsaye a tsakiyar fursunoni.

"Pickens ne, ɗakin wanki." Ya ja numfashi. "Ba zamewa na yi ba. Farfaɗiya ce, kuma ba yau ta fara ba. Tun da aka doke ni komai biyu nake gani. Ƙarya na yi wa likita." Ya sake jan numfashi. "Ba zan iya aikin nan ba. A kira motar asibiti."

Tun da nake aikin ban taɓa jin oba-oba ta yi shiru irin wannan ba. Ybarra ya zare hannunsa daga ƙarƙashin kan Odell a hankali, ya miƙe, ya koma gefe ya tsaya. Ni na kira motar.

Likitar ba ta yi masa faɗa ba. Ta sake gwaje-gwajenta, ta sa hannu. Abin da ya kai shi ɗakin wanki kuwa, Skaggs ya faɗa wa duk mai kunne, amma ba tabon kulki a jikinsa, bango kuma ba ya kai ƙara. Ni na kai Renita ofishin jami'a, da ƙarnin kaji a rigarta don daga wurin aiki na ɗauko ta. Aka karɓi takardunta kafin ranar haihuwarta ta zagayo.

Sauran ya zo yadda aka koya mana zai zo, ko kuwa mu ne muka zuba ido muna jiransa, ban sani ba. Aka rage wa Ybarra muƙami saboda ya bar mai farfaɗiya da makullai. Layi na uku ya samu sabon wasa: da gandiroba ya shigo, sai ka ji ana dukan bango da tafin hannu daga ɗaki zuwa ɗaki. Kafin Ista aka watsa wa wata ma'aikaciya tafasasshen ruwa da sukari a wuya, aka soki wani a kumatu da buroshin haƙori da aka fiƙe. A ɗakin hutu ba a ce ƙarancin ma'aikata ba ne, ba a ce cunkoso ba ne. Pickens aka ce. Ba wanda ya leƙa shi a asibiti wannan karon. A coci aka ba wani mutum daban faifan baiko, wai don a tausaya wa hannunsa.

Da lokacin buɗe makarantu ya yi, ni na ɗauki Renita a motata, don Odell an karɓe masa lasisin tuƙi. Muka biya ta gidansa za ta ɗauki akwatin uwarta. Mun tarar ya riga ya jawo shi har bakin titi da hannu ɗaya, yana tsaye a rana, baƙin ƙyalle a idon dama. Renita ta wuce shi ta shiga ciki.

"Goolsby," ya ce, "me ake cewa a layi?"

"Kana so ka ji?"

"Da ba na so ba zan tambaya ba."

"Ana cewa ruwan zafin nan kai ka dafa shi."

Ya gyaɗa kai. "Ya jikin matar?"

"Da sauƙi. Ta koma layi makon jiya."

"Tana da yara?"

"Tana da su."

Ya maida idonsa kan kwalta. Renita ta fito, ta kama hannun akwatin. Bai saki ba.

"Da ka faɗa tun farko, da hannunka na nan, Baba."

"Na sani."

"Kuma sai da ka kai dukan. Anti ta gaya mini. Da ka same shi fa?"

"Da kina wurin kaji."

"Iyakar abin da za ka ce ke nan?"

"Iyakar gaskiyar ke nan."

Ta fizgi akwatin, ya saki. Ta jefa a bayan mota, ta shiga ta rufe ƙofa da ƙarfi. Na tayar. Sai ta sauke gilashi, idonta na kan titi.

"Maganin safe na kan firiji, na yamma na kusa da gado. Kar ka haɗa su wuri ɗaya."

"To."

"Anti, mu je. Za mu makara."